Hodar Da Na Zuba Wa Raguna

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ga abin da na ɓoye tun kafin in buɗe baki. Asma'u, autata, ki rubuta yadda na faɗa. Kar ki gyara mini Hausa, kar kuma ki juya mini ita Larabci. Jikokin da ba su iya karantawa ba a karanta musu. Labarin haihuwata da na aurena kun sha ji har kun gaji, ba shi zan maimaita ba. Na shekarar da babanku ya rasu zan ba ku. Shekara shida ke nan ɗan'uwanku Faisal ba ya yi wa yayarku magana, yana cewa ita ta sa aka yanke wa babanku ƙafa a banza, ni kuwa ina zaune a tsakaninsu na kama bakina kamar ban san komai ba. Ga shi wata mai kamawa zai aurar da 'yarsa. An kai katin biki gida-gida a unguwarmu Shisha, ba a kai gidan yayarsa ba. To, ku saurara.

A Jarwal, nan cikin Makka, aka haife ni, a gidan da uwata take dafa wa alhazan ƙasarmu tuwo da miyar kuka lokacin aikin Hajji. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa jin na gaza wata mace saboda haka ba. Alhazan nan kowa da jakar maganinsa yake zuwa, in za su koma gida kaya ya yi musu nauyi, sai su bar wa mai tuwo abin da ya rage: rabin buhun gero, tsohuwar buta, da ragowar kafso. Uwata tana tara kafson a wani gwangwanin alewa, da ta rasu ni na gaje shi. Ban san sunan ko ɗaya ba, amma na san su da launi kamar yadda na san 'ya'yana da murya. Ja-da-yalo na gudawa da miki, ja-da-baƙi na tari da maƙogwaro. Mace ta turo a ce ɗanta yana zazzaɓi, in ƙirga mata huɗu in ce in ya warware ta dawo mini da sauran. Ana kuwa warwarewa. Har matan unguwa suka sa mini suna Daktora. Da wasa suka fara, ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba.

Da aka tashe mu daga tsohuwar unguwa muka koma Shisha, na rasa alhazan da zan dafa wa, sai na koma kiwo. Muka sami wani hoshi a bayan gari, ta hanyar Arfa, fili ne da katangar bulo da rumfar langa-langa, na zuba tumaki da raguna ina turke su saboda layya. Wata shekara tari ya shigo garkunan wurin, dabbobi suna ta faɗuwa. Wani makiyayi ɗan Sudan da ke maƙwabtaka da mu ya nuna mini wata hoda rawaya a leda, ya ce in dama a ruwan shansu kwana biyar. Na buɗe na shinshina, na ce ai wannan 'yar'uwar ja-da-yalo ce, na san ta. Nawa suka tashi, na wasu suka mutu. Kwana biyar mutumin ya ce, Allah ya sani bai ce in wuce haka ba. Ni ce na yi tunanin abin da ya warkar da mai ciwo ai zai tsare mai lafiya. Na shiga zuba rabin cokali a komin ruwa kullum, da ciwo da ba ciwo, damina da rani. Raguna suka yi ƙiba, gashinsu yana sheƙi. Larabawa ma sai su wuce kasuwa su zo hoshina, ana cewa ragon Hajiya Dije ba ya tari. In na ji haka sai in gyara zaman mayafina.

Babanku, bayan ya ajiye tuƙin motar alhazai, hoshin nan ya zama majalisarsa. Yana da ciwon suga, an hana shi kusan duk abin da yake so, amma ba a hana shi raguna ba. Shi ke wanke komi, shi ke kwashe kashi, yana tafe cikin caɓin gindin komin da silifa, yana yi wa kowane rago suna. Akwai wani mai faɗa da ya sa wa Dije.

"Malam, ka rasa sunan da za ka sa wa dabba sai nawa?"

"To wa ya kai shi tunkuyi? Kuma duk garken ba wanda ya kai shi kyau. Ta ina na cuce ki?"

Haka yake. Ban taɓa cin nasarar faɗa da shi ba, don ba ya tsayawa a yi.

Yayarku kuwa 'yar fari ce, kun san al'adarmu, ban taɓa kiran sunanta ba. Sai dai in ce ke, ko waccan. Ban taɓa yabonta a gaban mutane ba, ko ranar da ta gama karatu ta sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na mustashfa, wato asibiti, inda ake duba jini da ruwan miki. Babanku shi ke kiranta Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna kan tabarma ana cin shinkafa, sai ta hango ledar hodar a kan firji. Ta ɗauko ta juya ta karanta.

"Ummi, wannan kwana nawa kike ba su?"

"Kullum."

"Kullum? Tun yaushe?"

"Tun kina ɗaukar jakar makaranta. Kin taɓa jin rago ya mutu mini?"

Ta ajiye cokalinta. Ba ta ɗaga murya ba, yayarku ba ta iya ɗaga murya ba. Ta ce ƙwayoyin cuta rayayyu ne, suna haihuwa. In ana ba su magani kaɗan-kaɗan kullum, raunanan su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har a wayi gari duk wurin su ne.

"Ummi, ba ke kike zaɓen rago mafi ƙarfi ki bar wa tumaki ba, don 'ya'yan su gado shi? To haka kike yi wa cutar. Kiwonta kike yi a gindin komin nan, Baba kuma yana taka ta da silifa."

Wallahi na gane maganar. Har ga Allah ta shige ni, don da yaren kiwo ta yi mini. Da ta tsaya a nan, wataƙila da na yi 'yan ƙunƙunina na rage. Sai ta ƙara, don ta ƙarfafa hujjarta. Ta ce a wurin aiki an nuna musu yadda abin ya faru a ƙasashen waje, a gonakin da ake kiwon aladu. Irin wannan hodar ake zuba musu a abinci don su yi saurin ƙiba, sai cutar da ba ta jin magani ta yaɗu a cikinsu, ma'aikatan gonar su ɗauko ta a fatarsu su kai wa iyalinsu.

Ban ƙara jin komai ba bayan kalmar nan.

"Alade? Ke, a gidana, ranar Juma'a, da abinci a gaba? Ragunan da ake yankawa saboda Allah, a garin Ɗakin Allah, su kike haɗawa da alade?"

"Ummi, ba dabbar nake nufi ba, hodar ce iri ɗaya. Cuta ba ta san halal da haram ba."

"Ni na sani! Uwar da ta haife ni a ƙafa ta zo garin nan, ba ta taka hamada don jikarta ta kira ni mai kiwon alade ba. Halas, magana ta ƙare. Kar ki ƙara sa mini baki a hoshi."

Babanku ya so ya kashe wutar da wasa, ya ce, "Uwata, bar ta, yau Dijen garke ce ta tashi." Ba wanda ya yi dariya. Ta wanke hannu, ta yi mana sallama cikin ladabi, ta tafi gidanta. Washegari da na je hoshi, cikakken cokali na zuba maimakon rabi. Ku rubuta wannan ma. Ba don raguna na yi ba, don in nuna wa wadda ba ta ma wurin ne.

Wannan a watan Shawwal ne. Ta ci gaba da kiran waya tana gaishe ni, ina amsawa da baki ɗaya, zuwa kuwa ta rage don kar ta ɓata mini rai. Tsakiyar Zulƙida wata waya ta shingen garke ta yanki babanku a dunduniya. Ɗan yanka ne, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, shi bai ma ji ba sai da na ga jini a silifa, don sugan ya kashe masa jin ƙafa. Na wanke da ruwan gishiri, na buɗe ja-da-yalo na barbaɗa, na ɗaure. Na ba shi kafso kwana uku, na ga bakin mikin ya bushe, na tsaya, yadda na saba yi shekara da shekaru. Ya koma cikin caɓinsa, don lokacin ne ake rububin raguna, masu saye suna ta zuwa. Bayan mako ƙafa ta kumbura. Na canza masa ja-da-baƙi. Da gwangwanin ya yi ƙasa, sai na ɗebo hodar ragunan kanta na barbaɗa a mikin, na ce ai duk ɗaya ne.

Faisal lokacin yana can tsakanin Mina da Arfa, shi ke kula da motocin kamfaninsu, sai ya yi makonni bai leƙo gida ba. Ke Asma'u kina Jidda da goyo. Ba wanda ya ga ƙafar nan sai ni da mai ita. Wata safiya ina kwance ƙyallen, ya kawar da kai.

"Dije, ƙafar nan ta fara wari. A kira Uwata ta duba."

"Ta duba me? Ta zo ta ce mini ga aikin aladunki? Yau na fara warkar da miki?"

"Ba za ta faɗa ba. Kin san ta."

"Ko ba ta faɗa da baki ba, za ta faɗa da ido. Ka bari a yi sallah, in bai faɗa ba ni da kaina zan kai ka."

Ya dube ni, ya ce, "To, Daktora." Shi ne karo na farko da na ji sunan nan ya yi mini nauyi a kunne. In yayarku ta kira waya kuma ya ce mata lafiyarsa ƙalau, don kar ya kunyata ni. Mako uku cur muka yi haka.

Ranar sallah da hantsi ta zo gaisuwa da 'ya'yanta. Na turara gidan da turaren wuta har hayaƙi yana shiga ido, amma tana shigowa falo ta tsaya cak. Babanku yana kishingiɗe, zazzaɓi ya rufe shi tun ranar Arfa, na lulluɓa masa bargo a ƙafa. Ba ta tambaye ni ba. Ta durƙusa ta yaye bargon, ta warware ƙyallen a hankali. Naman ya yi baƙi-baƙi har idon sawu, ga rawayar hodar ta dasƙare a bakin mikin, ba ta ɓoyuwa. Ta dubi rawayar nan. Na jira ta ɗago ta dube ni, na ma shirya amsar da zan ba ta. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa mijinta ya matso da mota bakin ƙofa.

A mustashfa Faisal ya iske mu, da rigar aikinsa, ƙura har gira. Likitan wani ɗan Masar ne mai furfura. Ya tambaye ni, Faisal yana tsaye a gefena, yaushe aka ji ciwon.

Na ce, "Kwana huɗu."

"Ya sha wani magani a gida? An sa wa mikin wani abu?"

"Ba a sa komai ba. Ruwan gishiri kawai."

Likitan ya dubi ƙafar, ya dube ni. Yayarku tana tsaye a bayansa, ta sunkuyar da kai. Daga baya na gan ta ta bi shi lungun baranda tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, na san gaskiyar take gaya masa don ya san da me zai yi faɗa. Ta gaya wa wanda ya kamata ya sani, ta rufa mini asiri a gaban ƙaninta. Faisal kuwa abin da ya shiga kunnensa ke nan: ɗan miki na kwana huɗu aka kawo ubansa da shi.

Aka sa masa ruwa, aka sa allurai. A gwada wannan kwana biyu, zazzaɓi bai sauka ba, a canza wani. Rana ta huɗu ta same ni ni kaɗai a kan benci, ta zauna, ta nuna mini hoto a wayarta. Wani ɗan faranti ne kamar murfin gwangwani, an shafa ruwan mikin babanku a ciki an bar cutar ta tsiro, an jera wasu 'yan fararen abubuwa kamar maɓallan riga. Ta ce kowane maɓalli magani ne. Wanda cutar take tsoro, za ki ga ta ja da baya ta bar fili kewaye da shi. Na duba da kyau. Ban iya karatu ba, amma wannan na karanta shi. Cutar ta mamaye farantin har jikin maɓallan, kamar tumakina sun kewaye komi. Guda ɗaya ne kawai a gefe yake da ɗan fili siriri.

"Wanne ne nawa a ciki?"

Ta nuna mini da farce. Ko ɗan zare na fili babu a jikinsa.

"Daga hoshina ta fito?"

"Ummi, ba wanda zai iya rantsuwa. Irinta tana ko'ina yanzu, har a asibitoci. Kar ki ɗora wa kanki."

Kun ji. Ko a ranar ba ta ce mini na gaya miki ba.

Wancan guda ɗayan da ya rage, ƙodar babanku ba ta iya ɗaukarsa da yawa ba. Likitoci suka ce sai an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa, ko a tsere wa cutar kafin ta gama shiga jini. Faisal ya yi tsalle ya dire. Ya ce wane irin asibiti ne za a kawo mutum da yankan waya na kwana huɗu a ce za a sare masa ƙafa, a ba shi ubansa ya kai shi Jidda. Yayarku ta ce ba zai kai Jidda ba. Suka yi ta yi a baranda, shi da Larabci yana ɗaga hannu, ita tana cewa ya Faisal, ka ji tsoron Allah, lokaci yana tafiya. Sai ya juyo gare ni.

"Ummi, ki yi magana! Ba kwana huɗu ba ne?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, faɗinta ya kai na ƙofar Masallacin Harami. Kalma biyu ce, mako uku. Na dubi ɗana, na tuna shi ne yake gaya wa abokansa uwarsa ta fi likita. Na ce, "Ni dai ban san abin da suka yi masa ba."

Babanku ya amince da baki, amma hannunsa ba ya riƙe biro, ita ta sa hannu a takardar. Aka yi aikin. Ya farfaɗo, har ya yi kwana biyar. A rana ta uku da la'asar muna mu biyu, ya dubi inda bargon ya faɗa babu komai a ƙarƙashi, ya ce in gaya wa mai silifa ya riƙa sayar masa da ɗaya. Na fashe da kuka. Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce:

"Ni na yafe miki, Dije, ni ma da bakina na yi shiru. Amma kar ki bar wa Uwata kayan nan. Naki ne, ki ɗauka."

Na ce to. Cutar ta riga ta shiga jini, ranar Alhamis ya cika. A wurin zaman makoki, a gaban mutane, Faisal ya ce wa yayarsa ta ji daɗi, an binne ubansu guntu. Tana riƙe da butar shayi, ta ajiye ta a hankali ta fita. Ina zaune a kan darduma da carbi, mata suna ta cewa sannu Daktora, Allah ya sa kin yi iya ƙoƙarinki. Na amsa musu da amin.

Na sayar da garken kafin arba'in, na ce ba zan iya ganin wurin ba babu shi, kowa ya tausaya mini. Kullum ina cewa gobe zan tara ku. Goben nan ce ta kai shekara shida. A cikinsu ba Juma'ar da yayarku ba ta zo ba. Takan zo bayan ta tabbata Faisal ya tafi, ta jera mini magungunan hawan jini a ɗan akwati mai gida bakwai, ta yanke mini farce. Bara da na yi ciwon mafitsara, sai da aka canza mini magani sau biyu kafin a sami mai ci, ita ta zauna a kaina tana cewa, Ummi, ki shanye duka ko kin ji sauƙi. Na taɓa ce mata, ke, me ya hana ki gaya masa? Ta ce, "Ya rasa uba, in kuma sa ya rasa uwa?"

Ko cutar daga komina ta fito, ko daga wani wuri, ta ce ba mai rantsuwa, na bar wa Allah sani. Amma ga abin da ni zan rantse a kai, Faisal. An gargaɗe ni wata biyu kafin abin ya faru, na toshe kunne don an ambaci dabbar da nake ƙyama, alhali irin aikin masu kiwonta nake yi da hannuna. Mikin mako uku ne, ba kwana huɗu ba. Ni na barbaɗa masa hodar raguna. Ya roƙi a kira yayarka, ni na hana. Ƙafar da aka yanke ta riga ta mutu a falona, ƙarƙashin bargona.

Gwangwanin yana ƙasan akwatin zannuwana, Asma'u ta san wurin. A kai wa masu kantin magani su san yadda za su yi da shi, kar a zuba a shara wani ya tsinta. Katin biki kuwa, na sa an ajiye guda ɗaya ba a rubuta komai a kai ba. Kai za ka kai shi da ƙafarka, ba direba ba, ba saƙon waya ba. In ka ga dama ka daina yi mini magana ni, na cancanci haka. Amma in ba ta zauna a wurin bikin nan ba, ni ma kujerata a ba wani.

Asma'u, miƙo katin da biro. A'a, ba Yaya za ki rubuta ba. Shekara hamsin da ɗoriya ban kira sunanta ba, kunya ta hana ni, daga baya kuma abin da ya fi kunya muni. Ki rubuta yadda zan faɗa, da manyan baƙaƙe, ki kuma sa a littafin cewa daga bakina ya fito.

Maryamu.